Dokin da Muhsin Ya Gyara

A unguwar Utaibiyya akwai wani mutum Muhsin, wanda bai taɓa tsayawa ya ji ƙarshen magana ba. Shayi ma kafin sukari ya narke ya shanye. An ce ranar ɗaurin aurensa liman bai kai rabin addu'a ba ya shafa fatiha ya fita neman takalmi. Ban halarta ba, amma na san Muhsin, saboda haka na yarda.

Ya sayar da turare, ya bari. Ya yi wa alhazai jagora a Mina, ya riƙa isa tanti shi kaɗai ya bar su a baya. Daga ƙarshe matarsa ta roƙi yayanta Talal, mai bargar dawaki a bayan gari, ya ɗauke shi dillanci. Talal ya yarda, amma ya ce gwaji ne: doki ɗaya zai ba shi, in cinikin ya faɗa, ya samu wurin zama.

Dokin ja ne, daga Amurka aka kawo shi, irin na hawan shaƙatawa. Tafiya yake a hankali, kai a ƙasa, linzami a sake.

Talal ya ce, "Ka ga yadda yake sunkuyar da kai? Mai saye zai zo nan da mako uku. Shi wannan doki…"

"Khalas, ya isa, Yaya, na gane!"

"Ya shaikh, bari in ƙarasa mana."

"Wallahi na gane. Tafi kawai."

Talal ya girgiza kai, ya hau mota, ya wuce Madina wajen wani ciniki.

Muhsin ya zagaya dokin sau bakwai. Ya duba dawakin Larabawa na maƙwabta suna taƙama, wuya a tanƙware, ya dawo ya duba nasa.

"Wannan ai malalaci ne," in ji shi. "Wa zai sayi dokin da ke tafiya kamar ya dawo daga jana'iza?"

Sai ya shiga gyara. Ya ninka masa sha'ir. Ya ɗaure linzami tamau don kai ya tashi. Ya sayo bulala, ya sa kaimi. Safe da yamma yana kansa, yana "Yalla! Yalla!" har tattabarun wurin suka canza unguwa. A mako na biyu dokin ya daina tsayawa wuri ɗaya. A na uku, ko tari mutum ya yi sai ya zabura. Muhsin ya ce yanzu ne ya zama doki.

Ranar alkawari Talal ya dawo tare da mai saye, wani dattijo Abdulilah, yana dogara sanda. An yi masa aiki a gwiwa, shekara biyu rabonsa da sirdi.

"Ahlan, ya ammi! Maraba da baffa!" in ji Muhsin. "Yau za ka ga wuta!"

Dattijon ya ce, "Wuta kuma, ɗana? Ni da na zo neman…"

"Na gane, na gane!"

Muhsin ya ɗare bisa dokin, ya taɓa shi da dunduniya. Dokin ya miƙe da ƙafa biyu, ya yi tsalle uku, ya ajiye Muhsin cikin kwamin ruwa, ya zagaya filin yana huci. Dattijo ya ɗauki sandarsa, ya ce wa Talal gwiwa ɗaya ta rage masa kuma yana sonta. Ya shiga mota.

Talal ya tsuguna kusa da kwamin. Muhsin ya buɗe baki, ruwa ya shiga, ya rufe.

"Madalla," in ji Talal. "Tunda ka zauna, bari in ƙarasa maganar ran nan. Shi wannan doki, shekara uku aka yi ana koya masa tafiyar nan ta sannu. Sunkuyar da kan nan ita ce tsadarsa, ita ta kawo dattijon nan. Ka goge aikin shekara uku a mako uku."

"Yaya, ai da ka…"

"Ban gama ba. Ba ni makullin barga."

Wannan ce maganar farko da Muhsin ya ji har ƙarshenta.

Darasin shi ne, idan wanda ya san sana'a yana yi maka bayani, ka yi shiru har ya dire, domin sau da yawa abin da zai cece ka yana can ƙarshe. Kuma kafin ka gyara abin da aka ba ka amana, ka tambaya ko ya lalace. Abin da gaggawarka ta kira aibi, wataƙila shi ne duk darajarsa.