Gindin Bindigar Kaka Hollis

A wani ƙaramin gari cikin duwatsun Kentucky, a ƙasar Amurka, akwai wani mutum mai suna Royce Tackett, dillalin tsofaffin motoci. Ba mugu ba ne, kuma ba marowaci ba ne. Ciwonsa ɗaya, son a gani a yaba. In zai yi kyauta, hankalinsa ba ya kan wanda zai karɓa, yana kan 'yan kallo.

Ɗansa tilo, Colby, zai gama sakandare a watan Mayu. A dangin Tackett, yaro in ya gama makaranta bindiga ake ba shi, ta ajiya, wadda shi ma zai miƙa wa ɗansa wata rana. Bara Vernon, yayan matar Royce, ya ba nasa ɗan sabuwa fil mai zanen azurfa, aka yi mako guda ana zancenta. Abin ya tsaya wa Royce a rai.

Akwai kuwa tsohuwar bindigar farauta a gidan, ta marigayi Hollis, mahaifin Royce, wanda ya rasu shekara biyu da suka wuce. Tun Colby yana ɗan shekara tara tsohon ya fara fita da shi farautar barewa. Da ya ga yatsan yaron ba ya kaiwa kunama, sai ya sa zarto ya rage gindin bindigar. Daga nan duk watan Nuwamba sai ya auna hannun jikansa, ya ƙara wa gindin guntun katako da gam da ƙusa. Abin da ya samu kusa shi yake yankowa: ƙyauren rumbu, akwatin tufa, ƙafar kujera. Guntaye bakwai, kowanne da kalarsa. Na ƙarshen ma a karkace yake, don a lokacin hannun tsohon ya fara rawa.

Royce ya ɗauko ta ya jujjuya a gaban matarsa Darlene.

"Wannan zan ba shi. Amma sai an gyara ta. Dubi gindin nan, kamar wandon da ya sha faci."

"Baban Colby, ka tambaye shi mana," in ji Darlene. "Yaron nan duk wata sai ya goge ta da mai."

"In tambaye shi kuma? To ina abin mamakin? So nake Vernon ya gani ya rasa bakin magana."

"Au, ashe Vernon ne ya gama makarantar."

Royce ya juya ya fita. Ya kai bindigar wurin Orval, tsohon mai gyaran bindigogi, wanda suka yi farauta da Hollis shekara da shekaru. Ya ce a cire gindin a sa sabo na katako mai tsada, a goge ƙarfen har ya yi sheƙi, a rubuta sunan Colby da ruwan zinare.

Orval ya daɗe yana shafa guntayen da babban yatsa.

"Ɗan Hollis, ka san mene ne waɗannan?"

"Na sani. Aikin Baba ne, da ma shi ba ya yar da komai."

"Ina da sababbi ga su nan rataye. Ɗauki ɗaya in rubuta masa suna, ka bar wannan yadda take."

"Haba Baba Orval, sabuwa ai kowa ma ya iya saya. Tsohuwa da ta koma sabuwa, wa ya taɓa gani a garin nan?"

Tsohon ya yi aikin, don bindigar ba tasa ba ce. Aiki kuwa ya yi kyau, ba ƙarya. Ranar karɓa ya naɗe tsohon gindin a takarda ya danƙa wa Royce, ya ce, "Wannan ka adana shi." Royce ya jefa shi bayan mota ya manta. Ana gobe bikin gama makarantar, yana share tsakar gida saboda baƙi, ya tara busassun rassa da tarkace ya cinna wuta. Da ya zo kwashe bayan mota ya ga ƙunshin, ya buɗe, ya gane ko mene ne sarai, ya tura shi cikin wutar.

Ranar biki gida ya cika. An gasa nama, an ci burodin masara da wake. Royce ya jira sai da Vernon ya matso kusa, sannan ya fito da dogon akwati ya buɗe. Mutane suka yi caa. Vernon da kansa ya ce, "Kai! Suruki, yau ka kayar da ni." Abin da Royce yake jira ke nan tun bara.

Colby ya karɓa ya yi godiya. Ya ɗora ta a kafaɗa, ya sauke, ya sake ɗorawa. Sai ya dubi wata 'yar tsaga a jikin ƙarfen wadda ya sani tun yana yaro, fuskarsa ta canza.

"Baba, wannan ta Kaka ce?"

"Ita ce! Ka ga yadda ta koma?"

"To ina gindinta?"

"Wannan mai facin? Ai ga wanda ya fi shi."

"Na gani. Amma ina shi? Ba komai, zan mayar da kaina."

Darlene ta zuba wa mijinta ido. Royce ya so ya ce yana wurin Orval, amma ga Orval nan zaune da faranti a cinya. Idonsa ya kai kan tokar da ke bakin shinge, Colby ya bi idon da kallo, ya gane.

Yaron bai yi faɗa ba, bai yi kuka ba. Ya mayar da bindigar cikin akwati, ya rufe a hankali, ya je ya taya uwarsa kwashe kwanuka. Da Royce zai samu, da ihun ya fi masa sauƙi.

A watan Agusta Colby ya samu aikin walda a wata jiha. Ya loda kayansa a mota. Royce ya biyo shi da akwatin a hannu.

"Ka manta bindigarka."

"Ban manta ba, Baba. Ajiye ta, taka ce. Sunana ne kawai a jiki."

Ya rungumi uban, ya shiga mota ya tafi. Yana zuwa gida duk Kirsimeti, suna gaisawa lafiya, amma bai ƙara taɓa ta ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kyauta ta wanda za a ba ce, ba ta masu kallo ba. Kafin ka gyara abin da wani yake ƙauna, tambaye shi me yake ƙauna a jikinsa, don wataƙila abin da kake gani aibi shi ne darajar abin a wurinsa. Kuma in mutum biyu da suka san ka sun ce ka dakata, to ka dakata. Yabon mutane na yini ɗaya ne, amma abin da ka ƙona don neman yabon ba ya dawowa.