Irin Geron da Aka Rufe a Tukunya

Akwai wani manomi wanda matarsa take da irin gero nata na kanta, da ta zo da shi daga gidan iyayenta. Gero ne mai saurin nuna. Ko ruwa ya ɗauke da wuri, shi ya riga ya yi ido. Kowace kaka, kafin a kai dami rumbu, sai ta zauna ta zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ta ɗaure, ta rataye a ɗakin girki daidai kan murhu. Hayaki ya yi ta bugunsa har ya yi baƙi, ƙwari kuwa ba sa kusantarsa. Da ruwan shuka ya sauka sai ta sauke, ta sussuka, a shuka shi duka.

Mijin yakan tsokane ta ya ce, "Ke da wannan baƙin geron naki, sai ka ce gadon sarauta."

Ita kuwa ta ce, "Maigida, lashe hannunka tukuna, sannan ka zage shi."

Wata shekara, bayan ta rataye irin, sai ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Ta bar shi da 'ya'ya uku.

Da aka watse daga zaman makoki, mutumin ya shiga ɗakin girki, ya ɗaga kai ya ga damin nan, da ƙullin da ta yi da hannunta. Ya ce a ransa, "Abin da ta taɓa na ƙarshe ke nan. Ba zan bar shi cikin hayaki ba, ba zan kuma zubar da shi a ƙasa ba." Sai ya sauke shi, ya naɗe cikin zanenta, ya sa a sabuwar tukunya, ya shafe bakin da laka, ya ajiye a kusurwar ɗakinsa. Da damina ta zo, ya sayi iri a kasuwa ya shuka.

Yana da wata yaya da take aure a ƙauyen gaba. Ta zo ta ga tukunyar, ta ce, "Auta, iri ba kayan ado ba ne. Fito da shi ka shuka."

Ya ce, "Yaya, ki bar mini abina. In na shuka, me zai rage mini nata?"

Ta ce, "To, ka binne matarka, ga shi kana so ka binne geronta."

Ya yi fushi da maganar. Ta sake faɗa a shekara ta biyu da ta uku, daga nan ta ja bakinta.

A shekara ta huɗu ruwa ya makara ƙwarai. Kowa ya san irin kasuwa ba zai kai ga nuna ba, rumbun mutumin kuma ya kusa kai ƙasa. Sai ya tuna da tukunyar. Ya fasa lakar, ya kwance zanen. Abin da ya tarar gari ne da ƙaiƙayi, ƙwari suna yawo a ciki. Ya tsince 'yan ƙwayoyin da suka yi kama da masu rai, ya shuka, ya jira kwana goma. Ko ɗaya bai tsiro ba.

Ya tafi wurin yayarsa, kansa a sunkuye. Da ya kusa gidan, sai ya ga gonarta kore shar, da irin geron da ya sani.

Ya ce, "Yaya, ina kika samo wannan?"

Ta ce, "Matarka ta ba ni, cikin tafin hannu ɗaya, shekarar da kuka yi aure. Ban taɓa ajiye shi ba, shi ya sa yake nan."

Ta shiga ta kawo masa mudu guda da ya rage. Ya koma ya shuka, amma lokaci ya riga ya tafi. Abin da ya girbe bai kai su bazara ba. Dole ya raba biyu daga cikin yaran ga dangi, ba su kuwa dawo gidan da zama ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: irin nan Maganar Allah ce, gonar kuma zuciyarmu da gidajenmu. Hayakin ɗakin girki shi ne amfanin yau da kullum, wanda yake sa bangon Littafi ya yi baƙi, ganyensa ya lanƙwashe. Tukunyar kuwa ita ce girmamawar da ba karatu a cikinta. Misali yana da iyakarsa. Maganar Allah ba ta ruɓewa kamar gero. Abin da ƙwari suke ci shi ne Maganar da muka taɓa ji muka rufe a cikinmu, ba mu maimaita ba, ba mu aikata ba. Ranar wahala mu buɗe, mu tarar da gari.

'Yan'uwa, ni ba mai zurfin karatu ba ne, kuma ba daga nesa na samo wannan misali ba. Matata Damaris ita take karanta mana kowace safiya kafin a tafi gona. Da ta rasu, na naɗe Littafinta Mai Tsarki cikin ɗankwalinta na kulle a akwati, ina cewa ƙauna ce. Shekara huɗu ba a ji karatu a gidana ba. A cikin shekarun nan 'ya'yana suka girma suka bar gida. Yanzu na fito da shi, ina karantawa a hankali, da yatsa a kan layi, Allah kuma cikin jinƙansa yana sa ya tsiro. Amma ni kaɗai nake zama a tabarmar.

In akwai Littafi a akwatinku, ku fito da shi yau, tun masu ji suna gida.