Burgu Masanin Tsofaffin Kuɗi

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

A wani gari can bakin daji akwai wani Burgu. Kun san halin burgu, ba ya ganin abu a ƙasa ya wuce. To shi wannan tarinsa ya bambanta da na danginsa. Su suna tara ƙashi da tsumma, shi kuwa tsofaffin kuɗi yake tarawa, irin waɗanda aka daina ciniki da su tun zamanin kakanni: anini, da kwabo mai huji, da sisi. Duk wanda ya tono kwabo a gona sai ya kawo masa. Sai ya juya shi, ya ɗaga wa rana, ya yi gyaran murya, ya ce wannan na kirki ne, wancan tarkace. Ba wanda ya taɓa musa masa, har aka riƙa ce masa Masani. Sunan nan ya fi masa gyaɗa daɗi, kuma kun san burgu da gyaɗa. Amma tsakanina da ku, abu ɗaya kawai ya sani, wai mai ƙyalli ya fi marar ƙyalli.

Ran nan sai ga Dila, dillalin tsofaffin kuɗi, ya sauka a kasuwar garin. Ya shimfiɗa jan ƙyalle a gindin tsamiya, ya jera kayansa. Kafin ya gama jerawa ya riga ya ji labarin Burgu. Da ya hango shi sai ya miƙe, ya kaɗe masa buzu, ya ɗaga murya yadda 'yan kasuwa za su ji.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, yau na ga mai ido. Kai ba sai an gaya maka ba, kuɗi kashi uku ne. Akwai shafaffe, wanda hannu ya cinye. Akwai mai sauran fuska. Akwai kuma sabo fil, wanda tun da ya fito daga maƙera ba a taɓa sayen ko gishiri da shi ba."

Burgu bai taɓa jin wannan rabe-rabe ba. Amma ya gyaɗa kai ya ce, "Haka yake."

Sai Dila ya fito da wani anini yana walƙiya. Ya ce, "Wannan fil ne. Da wani ne sai in ce ya kai wa maƙeri ya duba masa. Amma kai, wa zai duba maka?"

Mutane suka taru suna kallon Masani. Burgu ya juya aninin, ya ɗaga wa rana, hasken ya kashe masa ido. Zuciyarsa ta ce ya tambaya ta yaya ake gane fil. Bakinsa ya ƙi. Sai ya ce, "Fil ne." Ya biya kwandon gyaɗa guda, ya tafi gida yana taƙama.

Kasuwa ta zagayo, sai Dila ya fito da sule. Ya ce, "Dubi gashin kan sarkin da ke jiki, ɗaya bayan ɗaya. Da wani ne sai in ce a ɗauko ma'auni. Amma kai, idonka ai ya fi ma'auni." Mutane suka taru fiye da na farko. Burgu ya juya, ya ɗaga wa rana, ya ce, "Fil ne." Ya biya buhun gyaɗa uku.

Kasuwa ta sake zagayowa. Wannan karon Dila bai jera komai ba. Sai da Burgu ya zauna, sannan ya kwance wani ƙulli a hankali, ya fito da liyari, wato babban kuɗin azurfa mai hoton mace, irin wanda mata suke ratayawa a wuya a zamanin da.

Ya ce, "Wannan ban yi niyyar sayarwa ba. Wani attajiri a ƙetaren gulbi ya taya da rumbu guda, na ce sai Masani ya gani tukuna. In ya fi ƙarfinka ba laifi, ba kowa ne zai iya ba."

Kasuwa ta yi tsit. Burgu ya ji idanu a ƙeyarsa. Abin da ya rage masa a duniya rumbun gyaɗa ɗaya ne, har da irin shuka a ciki. Sai ya ce, "Fil ne, kuma na saya." Aka yi masa tafi. Aka kwashe rumbun tas, har sharar ƙasan.

Bayan kwana biyu Burgu ya ga kuɗi irin waɗannan ba su dace da zama cikin ƙwarya ba. Sai ya tafi wurin Kunkuru, tsohon maƙerin azurfa, don ya ƙera masa batta. Kunkuru ya tsufa, idonsa ya yi rauni, da farce yake duba kaya. Burgu ya gaishe shi, ya zube kuɗin a gabansa, ya zauna yana jiran yabo.

Kunkuru ya ɗauki aninin, ya shafa, ya sunsuna. Ya ce, "Ɗana, wannan ya sha toka da tsamiya, kamar yadda mata ke wanke tukunya. Ka ji ƙarce-ƙarcen. Shafaffe ne aka goge. Mudu ɗaya ya ishe shi."

Burgu ya ce, "Baba, duba sulen."

Kunkuru ya bi shi da farce. Ya ce, "Gashin nan ba na maƙera ba ne. Ya shafe tuntuni, wani ya zauna da tsinin allura ya zana sabo. Ya iya zane, ba laifi."

Burgu ya tura masa liyarin.

Kunkuru ya daɗe a kansa. Ya ce, "Azurfa ce, wannan ba ƙarya. Amma liyari a kafaɗar matar ake gane shi. Akwai ɗan ado a wurin mai ƙananan ƙwayoyi. In fil ne, farce zai ji su ɗaya-ɗaya. Kawo hannunka." Ya kama farcen Burgu ya ɗora a wurin. Sumul, ba ko ɗaya. Ya sake jan farcen zuwa bakin liyarin. "Nan kuma huji ne, wata ta yi shekaru tana rataye da shi, aka toshe da dalma. Nawa ka biya?"

Kunya ta rufe Burgu tun daga kunne har wutsiya.

Kunkuru ya ce, "Bar shi, kada ka faɗa. Ni ba mai yawo da magana ba ne, abin da aka yi a maƙerata nan yake kwana. Amma me ya hana ka kawo mini kafin ka biya?"

Burgu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ana kallona, Baba."

Washegari da sassafe, kafin kasuwa ta ci, ya lallaɓa wurin Dila. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ka cuce ni. Karɓi kayanka ka mayar mini da rumbuna."

Dila ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, ni talla na yi, kai ka yanke hukunci. Sau uku ka ce fil ne, kasuwa duk ta ji. In kana son a warware ciniki, a gaban shaidu aka ƙulla, a gabansu za a warware. Ka tsaya ka gaya musu Masani bai san liyari ba."

Burgu ya auna rumbu, ya auna suna, sai ya ga gara yunwa. Ya ce a ransa ai ba wanda ya sani sai Kunkuru, shi kuwa ba ya magana. Ya mayar da kuɗin aljihu ya juya zai tafi.

Sai ga Bushiya, maƙwabciyarsa mai yin daddawa, ta iso tana nishi, ta sa an ɗauko mata buhunan kalwa. Jarinta ke nan kaf, da shi take ci da 'ya'yanta. Ta ce, "Malam Dila, na ga Masani ya zuba dukiyarsa a liyari, na san ba ya yin abu a banza. Ni ma a ba ni guda in ajiye saboda tsufa."

Dila ya kwance wani ƙullin, ya fito da wani liyarin yana walƙiya. Kasuwa ta fara cika. Ya ce, "Kin yi sa'a, ga mai ido nan tsaye. Ni ba zan yabi kayana ba. Masani, gaya mata."

Ya danƙa wa Burgu liyarin a hannu. Farcen Burgu ya je kafaɗar matar da kansa. Sumul.

Bushiya ta ce, "Yaya Burgu, fil ne?"

Burgu ya yi tari.

Ta ce, "Yaya, fil ne?"

Ya ce, "Yana da ƙyalli."

Ta ce, "Na ga ƙyallin. Ni ban san komai a nan ba, maganarka zan bi. In ka ce in saya, in saya. Fil ne?"

Kalma biyu ce kawai, kuma ya saba faɗinta. In ya faɗa, ya tafi gida da sunansa. Ya dubi Dila, Dila yana murmushi. Ya dubi buhunan kalwa, ya ga ƙaramin ma an ɗinke bakinsa da zaren tsumma.

Sai ya ce, "Shafaffe ne."

Dila ya ce, "Ranka ya daɗe, sake dubawa."

Burgu ya zaro nasa uku ya zube a kan jan ƙyallen. Ya ce, "Waɗannan ma shafaffu ne. Wannan an goge shi da toka, wannan an zana shi da allura, wannan an toshe masa huji. Jiya Baba Kunkuru ya nuna mini. Ban san fil ba, ban taɓa sani ba. Ƙyalli nake bi. Na ba da rumbuna don kada ku ce ban sani ba."

Sai wani daga baya ya ƙyalƙyale da dariya, wani ya kama, nan da nan kasuwa ta ɗauka. Masu nono suna dariya, mahauta suna dariya, wani har da faɗuwa a kan buhu. Ana cikin haka Dila ya naɗe jan ƙyallensa ya sulale ta bayan tsamiya, don gyaɗar ya riga ya tura ta gaba tun shekaranjiya. Ba a sake ganinsa a garin ba. Burgu ya tsince kuɗinsa uku daga ƙasa, ya bi ta tsakiyar dariyar nan kansa a sunkuye, hanyar gida ta yi masa nisa.

Ya shiga rami ya ja ƙasa ya toshe ƙofa.

Da la'asar Bushiya ta zo da daddawa a faifai. Ta yi sallama ta ce, "Yaya Burgu, fito in yi maka godiya. Ba don kai ba da 'ya'yana sun kwana da yunwa bana." Yana ji, bai amsa ba. Ta ajiye ta tafi. Washegari ta dawo da wata, ta ce, "Yaya, masu dariya sun gaji, sun koma kan wani zancen." Bai amsa ba. Rana ta uku ta zauna a ƙofar ramin ta daɗe, sannan ta ce, "Da kake Masani ban taɓa kawo maka komai ba. Yanzu nake kawowa." Burgu yana daga ciki hawaye na zuba, yana so ya fito, kunya ta riƙe masa ƙafa.

Bai fito ba. Shi ya sa har yau ba kwa ganin burgu da rana, sai sawu ya ɗauke yake leƙowa, ya ɗauki abin da aka bar masa ya koma da sauri.

To ku da ke zaune, in za ku sayi abin da ba ku sani ba, ku kai wa wanda ya sani tun kayanku na hannunku. "Ban sani ba" ba ta da nauyi a gaban mutum ɗaya. Burgu ya ƙi faɗinta sau uku, sai da ya faɗe ta a gaban kasuwa, rumbunsa wayam.

Ƙurunƙus, yau kan Burgu ya ƙare, ɗan ɓera ya huta.