Sunan Da Malam Sidi Bai Faɗa Ba

An ce wai a wani gari na bakin madatsar ruwa an yi wani tsoho, Malam Sidi, shugaban masu kula da injinan ruwan garin. 'Yarsa ta fari, Barira, ta yi karatun injiniya, ta dawo tana aiki a ƙarƙashinsa. Saboda kunyar 'yar fari, bai taɓa kama sunanta ba, balle ya yabe ta a gaban mutane. Ita kuwa ba ta taɓa ƙorafi ba, ko da yake abin yana damunta a rai.

Da idanun tsohon suka yi rauni, sai Sarki ya tara fadawa don a zaɓi wanda zai gaje shi. Galadima ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba Isiyaku mataimakinsa. Inji ai ba aikin mata ba ne. Ita yarinyar nan, wa ya taɓa jin sunanta a kan wani aiki?"

Barira na durƙushe a gefe, ta sunkuyar da kai. Gaskiya ne, ba wanda ya taɓa ji.

Sarki ya dubi tsohon. "Malam, wa ya shimfiɗa bututun kasuwa?"

"Isiyaku ne, Allah ya ba ka nasara. Yaron kirki."

"Babban injin da ya tsaya bara, har aka fid da rai, wa ya tada shi?"

Tsohon ya shafa gemu. "Wance ce."

"Wa ya haɗa famfon asibiti da wutar rana?"

"Ita ce dai."

"To, wa ya koya wa Isiyaku gwajin tsabtar ruwa?"

Malam Sidi ya kau da kai. Isiyaku da kansa ya ce, "Yaya Barira ce, ranka ya daɗe."

Sarki ya yi murmushi. "Galadima, al'adarmu ce ta hana uba faɗin sunan 'yarsa, sannan muka dawo muna cewa ba mu ji sunanta ba. Mun daɗe muna shan ruwanta muna gode wa wasu. Na ba Barira."

Da suka fito, ta riƙe hannun mahaifinta don kada ya yi tuntuɓe. Suka yi ta tafiya. Can sai ya ce, "Shugaba, rage sauri, tsoho kike ja." Ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta. Yau dai ya samu sunan da zai iya kiranta da shi.

Wanda ba a jin sunansa, a duba aikinsa tukuna, a kuma binciki abin da ya rufe bakin masu faɗa.