Wanda Ya Ari Ƙirjin Ɗan'uwansa

Ya 'yan uwa, can a ƙasar Gagarawa an yi wani mutum, matashi mai kaifin ƙwaƙwalwa. Ba zan kama sunansa ba, amma tagwaye ne, ɗan'uwansa kuwa Hussaini, to ku ƙarasa da kanku. Kamarsu ɗaya sak, kamar an tsaga kara. Hussaini manomin riɗi ne, da matarsa Asama'u da 'yar jaririyarsu. Shi kuwa wancan boko ya sa a gaba, har Allah ya ba shi gurbin karatu a wata jami'a a Turai. Saura biza.

To, ƙasar nan ba ta ba ɗalibi biza sai an ɗauki hoton ƙirjinsa an tabbatar ba shi da tarin fuka. Nan fa matsalar take. Domin ya daɗe yana tari, yana rama, zufa na jiƙa masa riga. Ya taɓa ganin jini a kakinsa ya yi maza ya murje da takalmi. Ya sani sarai! Maganin ciwon nan kyauta ne a asibitin gwamnati, amma sai an yi watanni ana sha, makaranta kuwa ba za ta jira shi ba.

Sai Shaiɗan ya raɗa masa: ba ga Hussaini ba?

Ya samu Hussaini ya ce masa, "Ɗan'uwa, mura ce ta kama ni, ina tsoron kada ta ɓata mini hoto. Riƙe fasfona ka je a madadina."

Hussaini ya yi dariya ya ce, "Don wannan kake ta rama? Kawo nan." Ya hau mota ya tafi birni, aka dubi fasfo, aka dubi fuska, ba wanda ya ga bambanci.

Daga baya, shi mai fasfon yana tsaye a tashar Gumel wayarsa ta yi ƙara. Daga asibitin ne, domin lambarsa ce a takardun. Suka ce hoto ya nuna tabo a huhu, ya dawo a gwada kakinsa a sa shi a magani. Ya zauna daɓas a kan buhun wani. Ƙirjin wa aka ɗauka? Na Hussaini. Wa ya sa wa Hussaini ciwon? Wanda suke hira a ɗaki ɗaya, ƙofa a rufe, yana tari a fuskarsa.

Ya 'yan uwa, har a nan ƙofar tuba a buɗe take. Kalma ɗaya ce: tashi mu je asibiti. Amma ya lissafa, in ya faɗa, gida zai san ha'incin da ya yi, gari zai san yana da tarin fuka, tafiya ta wargaje. Da ya koma Hussaini ya tare shi a ƙofar gida, "Me suka ce?"

Ya ce, "Lafiyarka ƙalau."

Innalillahi! Wallahi duk sa'ad da na zo nan a labarin tsigar jikina tashi take.

Ya shiga neman wata ƙasar da ba ta tambayar hoton ƙirji, yana ce wa ransa da zarar biza ta fito zai faɗa. Tsoro kuwa ya hana shi sakat. In Hussaini ya yi tari a bayan danga, sai gabansa ya faɗi. In ya ga ya ɗauki jaririya yana mata wasa baki da baki, sai ya kau da kai ya fice. Lokacin kaka ya zo, tarin Hussaini ya ƙaru, mutane suka ce ƙaiƙayin gero ne. Mahaifiyarsu Inna Rabi ta ce a je asibiti, Hussaini ya ce, "Haba Inna, ni da manyan likitoci suka duba?"

Rannan suna kakkaɓar riɗi Hussaini ya durƙusa yana aman jini. Aka kwashe shi sai asibiti. Likita ya duba, ya girgiza kai, ya ce don me aka bari har huhu ya cinye? Hussaini ya ɗago da ƙyar, ya nemo ɗan'uwansa da ido, ya ce, "Likita, ai an duba ni a birni, aka ce lafiyata ƙalau. Ko ba haka ba, ɗan'uwa?"

Inna Rabi ta juyo. Asama'u ta juyo. Ɗan'uwan ya sunkuyar da kai. Hussaini bai daina dubansa yana jiran amsa ba har rai ya yi halinsa.

Jaririya ma ashe ta kamu, amma ta sha magani ta tashi. Shi ma mai fasfon ya sha ya warke, biza kuwa ba ta taɓa zuwa ba. Yana nan da rai, ba ya zama cikin mutane, ba ya iya duba madubi. Uwar da ta haife shi in ya shigo sai ta rufe fuska da mayafi, domin fuskar wanda ta binne take gani.

Ya 'yan uwa, neman ilimi ibada ne, ku tafi duk inda yake. Amma wane ilimi ne za a shiga ta ƙofar ƙarya ya yi albarka? Ciwo ba abin kunya ba ne, ɓoye shi har ya kashe wani shi ne zalunci. Gobe a gaban Allah Hussaini zai sake yin tambayar nan, kuma ranar babu shiru.

Allah ya kiyaye mu daga ha'inci, ya kiyaye mu daga tsoron mutane fiye da tsoronsa, ya sa kada 'yan uwanmu su cutu ta hannunmu. Amin.