Mafitar da Dogo Ya Toshe

Akwai wani mutum da ake ce wa Dogo, irin mutanen nan masu ƙarfin aiki da ƙarfin riƙo. In ka ɓata masa yau, jikanka ma sai ya ji a jikinsa.

Mahaifinsu ya bar musu madatsar ruwa ta ƙasa a bayan gona, shi da ƙaninsa Auta. Bayan rasuwar tsohon gafiya ta yi mata ramuka, ruwa ya ɓalle ta, tafkin ya koma filin da awaki ke kiwo.

Dogo ya ce sai ya tayar da ita. Kuma gaskiya ya yi aiki, wannan ba za a ƙwace masa ba. Rani guda yana haƙo yumɓu, yana turo baro, ya zuba, ya yayyafa ruwa, ya daɓe, sannan ya ƙara wani a kai. Tafin hannunsa har ya daina jin zafi.

Auta bai zo ba. Matarsa na kwance, shi ne jinya, shi ne girki, shi ne wankin yara. Dogo ya sani sarai, amma zuciya ba ta karɓar uzuri in ta ga dama.

To a gefen madatsar akwai wani wuri ƙasa-ƙasa da tsohon ya bari, inda rarar ruwa ke fita in tafki ya cika. Ruwan nan ta lambun Auta yake bi. Dogo ya dubi mafitar, ya ce wanda bai ɗauki ko kwanon ƙasa ba ba zai sha ɗigo ba. Ya cike ta, ya daɓe ta fiye da ko'ina.

Auta ya same shi ya durƙusa.

"Yaya, bar batun lambuna. Ba don ni Baba ya bar wurin nan ba. Ginin ƙasa ne, in ruwa ya haura ta kansa ya tafi ke nan."

"Sannu injiniya," in ji Dogo. "Da baki ka gina ta? Tashi ka koma wajen tukunyarka kar ta ƙone."

Innarsu ma ta sa baki. Ya ce mata ta bari, aikin maza ne.

Damina ta kankama. Wata ranar kasuwa Dogo ya kai shanu wani gari, sama ta sako ruwa kamar da bakin ƙwarya tun hantsi. Auta ya leƙa ya ga ruwa na lasar kan madatsar. Bai tsaya neman kowa ba, ya ce wa matarsa yanzu zai dawo, ya saɓi diga ya nufi mafitar da aka toshe.

Masu kiwon da suka fake a ƙarƙashin bishiya sun ce ya daɗe yana sara, ƙasar ta ƙi, don ta daɓu kamar dutse. Sai da ya shiga ruwa har ƙugu. Da ta buɗe kuwa, gaba ɗaya ta buɗe, ta zame da shi.

Washegari aka same shi can ƙasa, a cikin lambunsa.

Madatsar ba ta yi ko tsaga ba. Tafki ya cika, kifi ya dawo, shanu na sha. Duk baƙon da ya wuce sai ya tsaya ya ce kai, wanda ya yi wannan aiki namiji ne. Dogo sai ya sunkuyar da kai ya bar wurin.

Bayan an share makoki ya je ɗakin Inna ya zube a ƙasa, yana so ta zage shi, ta mare shi, ta yi masa ko me. Tsohuwa tana goye da ƙaramin ɗan Auta, ba ta ko dube shi ba.

"Tashi, Dogo," ta ce a hankali. "Ai ka samu ruwanka."

Darasi: Ko a tsakiyar fushi ka bar wa ɗan'uwanka mafita, don sau da yawa hanyar da ka toshe masa ita ce ke riƙe da ginin naka. Tura wa wanda ka san yana gaba da jininsa, tun suna iya gaisawa.