Shamuwa da Inuwar Tsakar Rana

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa."

"Ta zo mu ji ta, Kaka, mun matso!"

A da can, Shamuwa ba ta zuwa ko'ina. Tana zaune da tsohuwarta, Inna, a kan wata tsamiya a ƙofar birni. Sheƙarsu ta gado ce, faffaɗa, har tabarma za ka iya shimfiɗawa a ciki.

Maƙwabcinsu Hankaka ne. Kun dai san shi, farar riga a ƙirji, baƙin nufi a ciki. Ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan sheƙar nan.

Wata bazara rana ta buɗe wuta. Hankaka ya leƙo ya ce, "Sannu da gashi, 'yar Inna. Ke ba ki ji labari ba? Akwai garuruwan da rana ba ta hawa kan mutum, daga gefe take gaishe shi."

Shamuwa ta ce, "Da gaske kake?"

Ya ce, "Ni da ƙarya? Je ki nemo muku wuri. Zan duba miki tsohuwa."

Inna ta ce, "Ba zan hana ki ba. Amma dubi ƙafarki." Shamuwa ta duba. Tsakar rana ce, inuwarta ta shige ƙarƙashinta, ko ɗigo babu a waje.

Inna ta ce, "Haka ranar garinmu take yi in damina ta kusa. In ta sake yin haka, ki tabbata kina gida. Ƙarfina ba zai wuce nan ba."

Shamuwa ta ce to, ta tashi fir.

Ta yi arewa, ta haye sahara, ta haye teku, ta sauka bakin wani tafki da ya daskare. Ta tarar da Agwagwa, ta ce mata, "Baiwar Allah, yaushe ranarku ke hawa sama?"

Agwagwa ta ce, "Ai ta hau ke nan."

Shamuwa ta duba, ga rana can ƙasa kamar mai jin kunya, ga inuwarta ta miƙe arewa zaƙaƙam. Sanyi ya kama mata ƙafa. Ta tuna ɗumin katangar birninsu da hantsi. Ta ce, "Nan zai kashe Inna."

Ta yi kudu, ta yi ta tafiya har ta faɗa wani kurmi mai duhu. Ta tarar da Aku, ta ce masa, "Malam, yaushe ruwanku ke ɗaukewa?"

Aku ya ce, "Ɗaukewa? Ɗaukewa? Mene ne ɗaukewa?"

Da rana ta ɗan leƙo, Shamuwa ta ga inuwarta ta juya, ta kwanta kudu. Gashinta bai taɓa bushewa ba. Ta tuna ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko, wanda sai busasshen gari ke da shi. Ta ce, "Nan ma zai kashe Inna."

Ta yi gabas da arewa, ta yi ta gararamba har hanya ta ɓace mata. Shekara ta kusa zagayowa. Rannan ta sauka wani gari a kan dutse. Tsakar rana ta yi, ta dubi ƙafarta. Babu inuwa!

Ta daka tsalle. "Na iso! Inna! Inna!"

Ba wanda ya amsa. Babu tsamiya, babu ganuwa, sai gajimare na yawo a tsakar gidajen mutane, ga iska mai sanyi. Wata tsohuwar Mikiya ta ce, "Ke kuma wa kike kira?"

Shamuwa ta fashe da kuka, ta ba ta labari. "In ba gida ba ne, me ya haɗiye mini inuwa?"

Mikiya ta ce, "Yarinya, hanyar rana doguwa ce. Garinku da namu a kan layi ɗaya suke, shi ya sa take bi ta kanmu tare. Mu tudu ne ya ɗaga mu muka sha sanyi, ku kuna ƙasa kuna shan zafi. Bi mafaɗar rana. Kullum tsakar rana ki dubi ƙafarki. In inuwa ta leƙo arewa, karkata kudu. In ta leƙo kudu, karkata arewa."

Shamuwa ta tashi. Ta yi ta tafiya tana duba ƙafa, ta yi ta tafiya tana duba ƙafa, hadari kuwa na biye da ita. Sai ga ganuwa, sai ga tsamiya.

Sai ga Hankaka ya baje a cikin sheƙa yana sakace.

Ta ce, "Ina Inna?"

Ya sunkuyar da kai, don ko shi abin ya taɓa shi. Ya ce, "Shekaranjiya aka yi rasuwar. Kullum tsakar rana sai ta rarrafo bakin sheƙa ta dubi ƙafarta, sannan ta dubi sama. Ran da inuwa ta ɓuya ta ce, 'Yau za ta zo.' Ta jira har la'asar."

Ruwa ya goce. Yaran gari suka fito suna murna, suna cewa ita ta kawo damina, suka kori Hankaka da jifa. Sheƙa ta dawo hannunta, amma ta yi mata faɗi.

To kun ji abin da ya sa Shamuwa ba ta iya zama shekara guda a gari, don gidan babu Inna. Ba ta kuma iya ƙin dawowa. Da rana ta tsaya cak a tsakar ka, za ku gan ta a kan tsamiya, shiru, tana kallon ƙafarta. Wanda ya bar tsoho yana jiransa, ya dawo da wuri.

Ƙurunƙus! Na ɗora ta a kan Hankaka, ya tashi da ita.